Rigar Ƙanƙarar Nata'ala

Duk wanda ya san layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ya san Nata'ala, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Rumfata tana jikin tasa, ni barguna nake sayarwa, shi rigunan sanyi. A gida ma, can Kabara, katanga ɗaya ce ta raba mu. Sunana Ɗantani, kuma da ana ba da lada a kan sauraron cika baki, da ni na san na gama tsira.

Mutumin nan bai taɓa wuce Wudil ba. Amma kakansa, in ji shi, madugu ne, ya sha kai ayari har Agadas a ƙafa, saboda haka shi ma Madugu yake so a riƙa ce masa. Babu mai ce masa sai wanda yake neman ragi.

Matarsa 'Yardada ba ta da hayaniya. Bara likita ya ce tana da hawan jini, ya ce ta rage gishiri, ta riƙa tafiya. Wata ƙawarta ta kai ta ƙungiyar 'yan tattaki da wani Nazeer yake shugabanta, malamin motsa jiki ne a wata sakandare. Duk Asabar ta lokacin sanyi, da an idar da sallar asuba, sai su haɗu, maza rukuninsu mata rukuninsu, su hau Dala ko Goron Dutse, wani lokacin su shiga mota zuwa duwatsun Fanisau. In zafi ya shigo sai su ajiye sai baɗi. Tun da 'Yardada ta fara bin su ciwon kanta ya tafi, muka koma jin dariyarta ta saman katanga. Matar da ta yi shekara da shekaru daga ɗaki sai madafa, yanzu tun Laraba take wanke kambas ɗinta tana shanyawa.

Wani ɗan iska a kasuwa ne ya ɓata lamarin. Ya zo wucewa ya ce, "Madugu yana cikin bargo, matar Madugu tana kan dutse." Layi ya ɗauki dariya. Da yamma ina alwala a tsakar gida na ji Nata'ala ya fara.

"Daga yau babu sauran tattaki."

"Me na yi, Baban Zainab?" in ji 'Yardada.

"Ba ki yi komai ba. Amma wannan yawo ne, ba tattaki ba. Dala har wani dutse ne? Ni in na tashi hawa Dala, kafin ki gama ɗaura ɗankwali na je na dawo."

"Ka taɓa hawa?"

"Ban ga abin hawa ba ne."

Can sai ta ce, "To mu yi haka. Asabar Dala za mu. Ka zo mu tafi tare. In ka riga ni kaiwa sama, na bar tattaki, kambas ɗin ma ka kai rumfa ka sayar. In na riga ka, ka ƙyale ni, kuma kai za ka riƙa riƙe min gorar ruwa."

Muryarta a kwance take, amma ni na san ta. Tsoro take ji, don komai cika bakinsa namiji ne mai dogayen ƙafafu, ita kuma sai ta huta a hanya take kaiwa.

"Ɗantani," Nata'ala ya ɗaga murya, "na san kana ji. Kai ne shaida."

Na ce ni alwala nake. Suka ce in na idar ni ne shaida.

Ranar Alhamis ya fasa sabuwar dila. A tsakiyar rigunan sai ga wani abu dogo, ruwan lemo, mai laushi, mai hula a sama da zif tun daga wuya har ƙasa, ƙasan kuma a ɗinke kamar buhu. A gefensa akwai takalma na roba mai tauri masu maƙallan ƙarfe, kowanne ya yi nauyin turmin daka yaji, da wani tabarau irin na masu walda.

Nata'ala ya ɗaga abin sama. "Allah ya kawo. Rigar masu hawan dutsen ƙanƙara ke nan."

"Ina hannun?" na ce.

"Can sanyi ne, wa yake fitar da hannu?"

"Ƙafar fa?"

"Kai bargo ka sani, Ɗantani, ka tsaya a bargo."

Ya kai wa Bashir tela a bayan layi, ya sa ya farke ƙasan, ya huda ramin hannu biyu. Almakashi yana shiga wani farin gashin tsuntsu ya fara tashi, Bashir ya yi ta atishawa yana dannawa ciki yana bi da keke. Da aka zo gwaji zif ya ƙi wuce tumbi. Bashir ya ce in dai da kaftani a ciki ba zai rufe ba. Nata'ala ya ce ai dama masu ita ba sa sa komai a ciki.

Asabar da asuba, da muka dawo daga masallaci, ya shiga gida ya fito. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Rigar ta sauko har idon sawu ta rufe takalman, hular ta matse fuskar, tabarau ya cinye ragowar. Takalman ba sa lanƙwasawa, sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya dire ta, kuma duk taku sai robar ta yi kuka: ƙwaƙ, ƙwaƙ. 'Yardada ta fito da hijabinta da kambas da 'yar jakarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya ba mai rabo sa'a.

Muka tsayar da ɗan adaidaita sahu zuwa Gwammaja, inda ƙungiyar take haɗuwa. Ya leƙo ya ce kaya a baya ake sa su.

"Mutum ne," na ce.

Zama ya gagara, don rigar ba ta yarda da lanƙwasa gwiwa ba. A kishingiɗe muka tafi da shi, kansa a cinyata, takalman a waje suna gaisawa da masu babur.

A Gwammaja jama'a sun taru, kowa da 'yar rigar sanyinsa da hular saƙa, ana ta murza hannu. Da muka zaro Nata'ala kowa ya juyo yana kallo. Nazeer ya matso, ya gaishe shi da ladabi, ya zagaya shi.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan ai buhun barci ne. Masu kwana a daji suke shiga ciki su kwanta."

"Yaro, kai a waya kake ganinsu, ni a dila nake fasa su."

"Takalman kuma na zamiya a kan ƙanƙara ne, ba a tafiya da su. Sannan sanyin nan na safe ne, Baba. Hantsi yana dubawa kowa zai tuɓe rigarsa ya ɗaura a ƙugu."

"Ku ne za ku tuɓe. Madugu da shirinsa yake fita, da shi yake komawa."

Aka yi addu'a aka tashi. Da farko, gaskiya, Nata'ala ya ba ni tsoro. Ya shige gaba yana jefa ƙafa kamar mai auna fili, kowa yana rawar sanyi shi yana tambayar wai yaushe za a fara sanyin. Na waiwaya na hango 'Yardada can baya cikin mata, kanta a ƙasa. Na ji tausayinta ya kama ni.

Da muka kusa gindin Dala ya ja hannuna. "Bar su su bi titi. Akwai yanke ta lungun nan, hanyar ayarin kakana ce."

"Raƙumi ya bi ta nan?" na ce, don lungun ko mai kura ba zai shiga ba.

"Da can da faɗi."

Muka shiga. Lungu ya kai mu lungu, wancan ya miƙa mu ga wani. Rana ta fito. Tabarau ya yi gumi daga ciki, Nata'ala ya daina gani sosai, ya yi karo da wata akuya ya ba ta haƙuri. Kafaɗunsa suna gogar katanga hagu da dama, ɗinkin Bashir ya fara saki. Na duba baya na ga farin gashi yana bin mu a ƙasa tun daga bakin titi.

"Nata'ala, kana zuba."

"Iska take sha. Haka aka yi ta."

Numfashinsa ya koma na mai hura wuta. Gumi yana bin ƙafarsa yana taruwa a takalmi, kukan robar ya ƙara kauri, yanzu har da wani ɗan gurnani a ƙarshe. Ya ce in ɗan sassauta masa zif. Na ja, ya cije ƙyalle. Na ja sama, na ja ƙasa, ɗan marikin ya tsinke ya zauna a hannuna. Na nuna masa, ya ce ba komai, sama akwai iska.

Hanyar ayarin kakansa ta ƙare a ƙofar wani gida. Babu gaba, babu gefe. Yana ta kici-kicin juyawa, gashi yana tashi, sai ga wata tsohuwa ta fito daga zauren da kwanon dusa a hannu, tana kiran kur-kur-kur. Daga baya muka ji sunanta Uwa, kuma tun asuba take neman fararen agwaginta biyu.

Ta dubi ƙasa. Ta dubi tumbin rigar. Ta sunkuya ta ɗauki gashi ɗaya ta shinshina.

"Bawan Allah, me ke cikin rigar nan?"

"Ni ne a ciki, Iya."

"Kai da wa?"

Nata'ala ya ja da baya taku ɗaya. Ƙwaƙ.

Uwa ta ajiye kwanon a hankali. "Wannan babbar ce. Na san muryarta."

Ya sake matsawa. Ƙwaƙ.

"Ga ƙaramar."

Sannan ta buɗe murya ta kira unguwa. Wallahi ban san lungu ɗaya yana iya ɗaukar mutane haka ba. Mata ta saman katanga, maza da buta a hannu, mai ƙosai da matsaminta. Aka tasa mu gaba har filin gindin Dala inda kowa zai gani, Nata'ala yana tafe agwagi suna amsawa daga ƙasansa, Uwa tana biye tana cewa a bi a hankali kada ya murƙushe su.

"Jama'a, ku tsaya," in ji Nata'ala. "Ni jikan madugu ne."

"Madugun agwagi," in ji mai ƙosai.

Wani dattijo mai carbi ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Abu mai sauƙi. Malam, buɗe rigar. In babu komai mu ba ka haƙuri."

"Zif ɗin ya lalace."

"Dama mana," in ji Uwa.

Na ce ni shaida ne, a dila aka samo rigar. Wani ya ce shaidar ɓarawo ai abokin tafiyarsa ne, a riƙe ni ni ma. Na janye shaidata, don ina da iyali. Wani matashi ya ce a kawo wuƙa a farke. Nata'ala ya sunkuyo kunnena, muryar da take cika layin gwanjo ta koma kamar ta sauro.

"Ɗantani, kada ka bari. Daga ni sai singileti da gajeren wando. Wandon ma na gida ne."

Na san wandon, ina ganinsa a kan igiya. Na ce masa to ya zaɓa, ko ɓarawo ko wannan.

Ana cikin haka na hango mutum biyu suna saukowa daga matakalar Dala da sauri, Nazeer da akwatin taimakon gaggawa a hannu, 'Yardada a gabansa. Ashe ta kai sama tun ɗazu, ta huta, ta sha ruwa, tana kallon gari sai ta hango wani abu ruwan lemo a tsakiyar taro. Ta ce duk Kano mutum ɗaya ne mai wannan rigar.

Dattijon ya ga Nazeer da alamar ɗan boko, ya miƙa masa gashi ɗaya. "Malam, kai ka yi karatu. Wannan gashin mene ne?"

Nazeer yaron kirki ne, bai iya ƙarya ba. Ya juya shi ya ce, "Na agwagwa ne, Baba, amma..."

Babu wanda ya ji amma ɗin. Uwa ta ɗora hannu a ka, matasa suka fara naɗe hannun riga.

'Yardada ta ratsa ta tsaya a gaban mijinta. Ba ta ɗaga murya ba, amma aka saurara.

"Iya, ki yi haƙuri. Wannan maigidana ne. Ba zai iya satar agwagwa ba. Ko kazar gidanmu ranar salla ni nake kama masa, shi yana daga bakin ƙofa yana nuna min inda ta bi."

Dariya ta fara daga saman katanga ta gangaro. Nata'ala ya so ya musa, ya ga musun zai mayar da shi ɓarawo, ya haɗiye.

Ta karɓi almakashi daga akwatin Nazeer. Ta buɗe jakarta ta zaro zanen da take shimfiɗawa in za ta huta a kan dutse, ta ba ni ta ce in kare ta wancan gefen. Ta sa bakin almakashin a wuyan rigar, sai ta tsaya.

"Baban Zainab, na kai sama. Malam Nazeer ya gani."

"Ba a yi adalci ba," ya ce, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. "Tsare ni aka yi. A sake wata Asabar."

Na ga fuskarta ta canja. Ranta ya ɓaci sosai, idonta ya kawo ruwa. Ta zare almakashin ta miƙa wa Nazeer.

"To shi ke nan. Malam Nazeer, mu koma, jama'a suna jiranmu. Wata Asabar ɗin ma buɗe shi."

Ta juya. Matashin nan ya ce ga wuƙa an kawo.

"'Yardada."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Kin riga ni."

"Ban ji ba."

"Ɗantani, gaya mata."

"Ni shaida ne, ba ɗan aike ba," na ce.

Ya ja numfashi, ya faɗa da tsohuwar muryarsa ta kasuwa, har na kan dutse sun ji. "Kin riga ni. Ki yi ta tattakinki har ki gaji."

"Gorar fa?"

"Da gorar."

Ta dawo ta sa almakashi ta tsarge rigar tun daga wuya har ƙasa. Gashi ya tashi ya rufe mu, ya sauka a kan hular dattijo, a kan matsamin mai ƙosai, a kan gira da gemun duk wanda ya matso kallo. Kafin ya lafa ta riga ta fizge zanen daga hannuna ta ɗaura wa mijinta, babu wanda ya ga wandon sai ni. Uwa ta shiga cikin rigar da hannu biyu tana lalube, ta zazzage hular, ta leƙa takalman da Nazeer ya ɓalle da ƙyar. Ruwa kawai ta tsiyayar.

Sai muka ji ƙwaƙ daga bayan taro. Kowa ya dubi takalman, suna nan a ajiye babu kowa a ciki. Agwagi biyu farare suka ratso ta tsakanin ƙafafun mutane, jikinsu jiƙe da ruwan kududdufi, suka wuce Uwa ba su kula kowa ba.

Dattijo ya ba da haƙuri a madadin unguwa. Uwa ta ce, "Ka yafe ni, ɗan nan. Amma kai ma ka yi kama."

Na ɗauka gida za mu. Nata'ala yana tsaye da zanen atamfa da singileti da silifas ɗin da mai ƙosai ta ara masa, bai iya kallon kowa ba. 'Yardada ta miƙa masa gorar ruwa, ta ce ya sha. Ya sha. Ta ce to riƙe, tunda an zo gindi ai a ƙarasa.

Haka muka hau, tana gaba yana baya, in ya tsaya haki ta tsaya tana gyara igiyar kambas ɗin da ba ta kwance ba. Da muka kai sama iska mai sanyi ta buge mu. Ya tsaya yana kallon garin da aka haife shi a shimfiɗe, rufin kwano da soraye da hasumiyoyi har inda ido ya ƙare. Tun da na san Nata'ala ban taɓa jin ya yi shiru mai tsawon wannan ba.

"Ina gidanmu?" ya tambaya a hankali.

Ta nuna masa wajen Kabara da yatsa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce dama nan yake shirin nunawa.

Gashin da ya rage a rigar 'Yardada ta kwashe ta ɗinka masa matashi, ta ce tunda Malam Nazeer ya ce abin kwanciya ne a mayar da shi aikinsa. A layinmu kuwa sunan da ya nema shekara da shekaru ya samu, sai dai da ƙari. Har masu kawo dila Madugun Agwagi suke tambaya.

Asabar ta gaba Goron Dutse aka nufa. Na bi su don in ga ƙarshen shaidata. Nata'ala yana can ƙarshen layi da gora a rataye, yana yi wa wani sabon shiga bayani cewa shi da gangan yake zama a baya, don madugu na gaskiya a bayan ayari yake tafiya, ya ga wanda ya gaji, na gaba ɗan jagora ne kawai.

'Yardada tana can sama da mu, ta tsaya a kan wani falalen dutse ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba.

"Madugu, ɗaga ƙafa. Ƙishirwa nake ji."

Ya bar bayanin a tsakiya ya kama gudu.